Masara tsaba

Talata. Zafin Zuru yau ba a magana, ga wuta tun jiya ba labari.

Da hantsi muka raba masarar da zumuntar matan coci ta tara wa baƙin nan da 'yan bindiga suka koro daga wajen Wasagu. Tiya biyu kowace mace, da ƙullin gishiri. Ni ce a kan awo, Maman Bulus na rubuta suna. Ana ta godiya, ana raha, har wata tsohuwa ta buga mana guɗa.

Can wajen ƙarshe wata yarinya mai goyo ta karɓi nata ta ƙulle a zane, amma ba ta tafi ba. Ta matso kusa da ni ta ce, "Mama, don Allah da me zan niƙa?" Kafin in buɗe baki Maman Bulus ta ce, "Ke kuma! An ba ki, kina neman ƙari? Ki gode wa Allah." Yarinyar ta ce ta gode, ita dai ko tukunya ba ta fito da ita ba, a kangon da suke kwana kuma itace ma saya ake yi. Na laluba bakin zanena na ba ta kuɗin niƙa. Maman Bulus ta harare ni, wai yanzu duk za su taso. Ba ta yi ƙarya ba, sun taso ɗin, ni kuwa ba ni da na kowa.

Tun da na dawo abin ke cina. Ba na ganin laifin Maman Bulus, ita ta bi gida gida ta tara masarar nan. Amma na tuna Iliya da ya gudu jeji ya kwanta gindin itace yana roƙon mutuwa, a 1 Sarakuna 19. Mala'ika bai aje masa tsaba ba. Waina ce gasasshiya a kan garwashi, da tulun ruwa a gefe, har sau biyu ana tashinsa ya ci don tafiyar da ke gabansa. Haka a Markus 8, abin da ya dami Yesu shi ne kada mutane 4,000 ɗin nan su suma a hanya, don wasu daga nesa suka fito. Ko da ya ta da 'yar Yayirus daga matattu, kowa na mamaki, shi cewa ya yi a ba ta abinci. Tausayin Ubangiji har murhu yake kaiwa. Namu yau a bakin buhu ya tsaya, muka karkaɗe hannu muka ɗauki hoto.

Na faɗa wa Baban yara, ya ce to ai ni ba mala'ika ba ce, in zuba masa tuwo. Na yi dariya ban so ba.

Na kira uwar zumunta kan maganar a niƙa kafin a raba, wayarta a kashe. Alhamis zan tayar da zancen, ko da za a ce na cika iyayi.