Ƙwayar haihuwa da macen da aka ce lafiyarta lau

A shekarata ta biyu ina aikin ungozoma a wani ƙaramin asibiti a karkarar Ringim, wata mata ta kwance bakin zaninta ta miƙo min kwalin Clomid, ƙwayar neman haihuwa. "Malama, wata tara ke nan ina sha, shiru." A kemis ta saya. Shekararta huɗu da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, uwar miji har ta fara zancen kishiya.

A makaranta mun haddace: miligiram 50, kwana biyar a farkon al'ada, kada a wuce wata shida. Aikin ƙwayar ne ban tsaya na fahimta ba. Ƙwaƙwalwa take zaburarwa ta saki sinadarin da ke nunar da ƙwai. Ga macen da ƙwanta ba ya fita, rahama ce. Ita kuwa wannan al'adarta ba ta saɓa lokaci.

Na tura ta da mijinta Asibitin Malam Aminu Kano. Sai da na yi wata biyu ina lallaɓa maigidan kafin ya yarda a auna maniyyinsa, don a wajensa haihuwa matsalar mata ce. Sakamako ya fito: bututun ƙwai a buɗe, ƙwai na fita, maniyyi lafiya. Likitar ta ce min wannan shi ne rashin haihuwar da ba a gano dalilinsa ba, kuma ba wa irin wannan mace ƙwaya kaɗai tamkar ƙara itace ne ga tukunyar da ke tafasa. Tun 2013 hukumar NICE ta Birtaniya, mai tsara ƙa'idojin kiwon lafiya, ta ce a daina hakan. Ga shi kuma a wasu matan ƙwayar kan sirantar da shimfiɗar mahaifa inda cikin zai zauna.

Allurar gonadotirofin, ita ma ta nunar da ƙwai, ta fi ƙwayar ƙarfi, ana haɗa ta da zuba maniyyi cikin mahaifa, amma sai ana bin mace da sikanin kowane 'yan kwanaki. Mu ko wutar kirki ba mu da ita. Ƙwai na iya nuna fiye da kima, ciki ya tara ruwa, numfashi ya gagara. A wani binciken Amurka na 2015, kusan ɗaya cikin uku na cikin da aka samu da allurar tagwaye ne ko fiye. A ƙauyenmu Hassan da Husaini abin guɗa ne, na sani. Amma na riƙe bakwaini a hannuna da daddare, kwalba sai Dutse ko Kano.

Abin da ya fi min wuya shi ne zama da uwar mijin. "Inna, 'yar nan ba juya ba ce, takarda ga ta." Ta daɗe tana kallon tabarma, sannan ta ce, "To, Allah ya kawo rabo."

Matar ta daina shan ƙwayar. Har aka yi min canjin wurin aiki ba ta samu ciki ba, amma tana ɗakinta. Ranar da zan tafi ta kawo min ƙwan zabi a ƙwarya.