Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Lauje da Gatari

Makon jiya na tsaya a inda na samu aiki a siton Dattijo da ke unguwar Cheetham Hill a Manchester. Niyyata yau in ba da labarin aurena da Maman yara, amma tun Litinin maganar Baffa ta hana ni sakat. Auren ya jira, ai ba guduwa zai yi ba.

Shekara bakwai na yi a shagon Baffa a Kantin Kwari. Na shiga shekarar da aka soke zaɓen Abiola, 1993, ina ɗan shekara 16. Ni ne buɗe shago, ni ne shara, ni ne ɗauko dila a ka daga sito, ni ne kai kuɗi banki. Baƙin Maraɗi da Damagaram in sun zo saro atamfa da shadda ni suke nema, don ni na san turmin da zai shiga a can da wanda zai kwana. Duk sanda aka taɓo maganar sallama, ko Inna ta aika a yi masa tuni, amsar Baffa ɗaya ce: "Kuɗinka na nan, ajiya nake maka." Yaran da muka fara tare aka sallame su da jari, wani har ya yi Makka. Ni ana yi min ajiya.

Yadda na iso Manchester a 2002 kun riga kun ji, ba sai na maimaita ba.

Dattijo Bayahude ne, mai ƙaramar hula a tsakiyar ka, yana zaune a Prestwich inda 'yan uwansa suke da yawa. Yadin labule da zannuwan gado yake sayarwa sari. Abin da ya fara haɗa jininmu Juma'a ce. Ni ina son in tafi masallaci, shi yana son ya rufe da wuri, don daga faɗuwar ranar Juma'a har taurari su fito daren Asabar ba ya taɓa kuɗi, ba ya tuƙa mota, ko wutar lantarki ba ya kunnawa. Da hunturu kuma rana tana faɗuwa a garin nan kafin ƙarfe huɗu. Saboda haka albashinmu na mako kafin azahar yake shiga hannunmu, cikin ambulan.

Wata Juma'a a watan Disamba na fita masallaci a gaggauce ban karɓi nawa ba, na ce a raina Litinin ma rana ce. Wajen ƙarfe biyu da rabi, ana yayyafin nan nasu mai shiga ƙashi, sai na ji bugun ƙofa. Dattijo ne, yana haki, ambulan a hannu. Ko shigowa bai yi ba. Ya miƙo ya ce in ƙirga, na ƙirga, ya duba agogo ya ruga mota. Na daɗe tsaye a bakin ƙofa. Mutumin da ba dangin iya ba na baba, kan fam ɗin mako guda. Ba abin da ya faɗo min a rai sai "ajiya nake maka."

Daren Alhamis kuwa bayan mun rufe, wani abokinsa yakan zo su zauna a ɗan ofishin baya da littattafai da shayi. Ni ke jira in kulle, daga baya ma ni ke mai da shi gida da idonsa ya fara rauni da dare. Da farko na ɗauka addu'a suke yi, daga baya na ɗauka faɗa ne, don har teburi ake bugawa. Ashe karatu ne. Sun raba Attaura kashi 54, kowane mako da nasa kason da za a karanta ranar Asabar a majami'arsu, a sauke a kaka a sake ɗauka daga farko a rana guda. Bayahuden da ke Amurka da na Faransa galibi kaso ɗaya suke kai a mako ɗaya. A ƙasan shafin akwai sharhi da ƙananan baƙaƙe na wani malaminsu, Rashi, mutumin garin Troyes a Faransa, wanda ya rasu a 1105. Dattijo ya ce ya sauke fiye da sau sittin, amma kowace shekara sai ayar ta same shi a wani hali daban. Ni ɗan malam ne, a zauren Malam na tashi, na ga yadda ake sauke tafsiri duk azumi a sake dawowa baɗi, don haka wannan bai zame min baƙon abu ba. Kuma kada wani ya ɗauka wani abu: ban taɓa barin sallata ba, shi ma bai taɓa ce min in bari ba. Hasali ma shi ke tuna min la'asar in aiki ya ɗauke min hankali.

Abin da ya bambanta su, ba sa barin aya a takarda. In an karanta maganar mudu da sikeli na gaskiya, sai abokin ya tambayi Dattijo ko bandir ɗin da yake sayarwa a matsayin mita hamsin ya taɓa warwarewa ya auna. Washegari kuwa sai da muka auna, ni na riƙe tef.

A nan dole in koma baya kaɗan. A watan Fabrairu na shekarar da abin da zan faɗa ya faru, ɗan Baffa na fari ya kira ni. Arzikin Baffa ya karye, shago ya koma hannun wani, ga yanar ido ana neman kuɗin aiki. Ban yi jinkiri ba, Allah shaida, na tura har da ƙari. Amma da zan ajiye waya na ce masa, "Ka gaya wa Baffa, ni ba na yi wa mutane ajiya." Na ji daɗin maganar nan. Na yi sati ina maimaita ta a raina ina murmushi a cikin bas.

Bayan idinsu na Pesak, wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, aka zo kason da suke kira Kedoshim, a littafi na uku na Attaura, sura ta 19. Dattijo ya kira ni ya ɗora yatsa a aya ta 13, ya karanta da Ibrananci sannan ya fassara min: kada ladan ɗan ƙwadago ya kwana a hannunka har safiya. Ya ce ga dalilin gudun da ya yi ranar nan. Ya ƙara da cewa a Talmud, babban littafin bayanin malamansu, an tambaya, me ya sa ɗan ƙwadago ya hau tsani, ya rataya a bishiya, ya sai da ransa, in ba don ladansa ba? Na ce mu ma muna da shi, Annabi (SAW) ya ce a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Nan na kwance musu labarin Baffa tun daga 1993, har da kuɗin ido da saƙon da na haɗa da shi. Ina jira a ce min na kyauta.

Abokin ya kalli Dattijo. Dattijo ya gangara da yatsa aya biyar, zuwa ta 18, inda aka hana ramuwa da riƙo, ya karanta abin da Rashi ya ce. Mutum ya ce wa maƙwabcinsa ara min laujenka, ya hana. Washegari shi mai laujen ya zo aron gatari, aka ce ba zan ba ka ba kamar yadda ka hana ni. Wannan ramuwa ce. Riƙo kuwa, ka nemi aron gatari a hana ka, gobe mai gatarin ya zo aron lauje, ka ce masa ungo, ni ba irinka ba ne.

Lauje da gatari. Kai ka ce a ƙauyenmu mutumin nan ya zauna. Kunnena ya yi zafi, don na san sunan abin da Hausa, gori ne, kuma na haddace ayar Suratul Baƙara da ta hana ɓata sadaka da gori tun ina riƙe allo. Shekara nawa ina karanta ta a sallah ban taɓa ganin kaina a ciki ba.

Ban yarda nan take ba, kuma har yau ban yarda duka ba. Na ce, "Baba, aron gatari alfarma ce. Ni gumina ne, shekara bakwai." Ya ce gaskiya ne, haƙƙi daban alfarma daban, kuma ba wanda ya hana ni neman haƙƙina ko a gaban alƙali ne. Sai ya ce amma malamansu sun yi wani bayani: laifin kwana da lada yana hawa kan mai gida ne idan ma'aikacin ya nema aka hana shi. Shi dai ba ya son fakewa da wannan, shi ya sa ya biyo ni gida. Ya cire gilashi ya ce, "Yaro, kai da bakinka, ka taɓa zama gabansa ka ce Baffa ba ni kuɗina?"

Ban taɓa ba. Inna ta aika, Kawu ya yi hannunka mai sanda, ni na yi ta kumbure-kumbure a shago. Ta yaya ɗa zai dubi ƙanin ubansa ya ce biya ni? Su a wurinsu abu ne mai sauƙi, jika ma yana musu da kakansa a kan teburi. Na yi ƙoƙarin fahimtar da shi kunya, ban iya ba. Kuma in faɗi gaskiya, Baffa ya san ba zan iya tambaya ba, da wannan ya ci ni. 'Ya'yansa da ke cewa riƙo ya yi min, ci da sha da sutura, su je su tambayi 'yan layinmu nawa ake sallamar yaron da ya yi shekara bakwai.

Ranar Asabar, sito a rufe, na sayi katin waya na fam biyar. Baffa da kansa ya ɗauka, idon ya buɗe. Muka gaisa, ya tambayi sanyi, na tambayi Hajiya da yara da jikin Gwaggo. Ya sa min albarka kan kuɗin aiki, doguwar albarka, bai ambaci saƙon ba ko da wasa, har yanzu ban tambayi ɗansa ko ya isar ba. Na buɗe baki zan ce, "Baffa, maganar ajiyar nan," sai na ji kaina ina tambayar ko an fara ruwa a Kano. Ya ce tukuna, hadari dai yana haɗuwa ta gabas. Muna cikin maganar damina katin ya ƙare.

Mako mai zuwa insha Allahu maganar auren, da rawar da Gwaggo ta taka a ciki.