Doki nawa injin silinda huɗu zai bayar idan babu turbo?

Ƙannena masu son mota, kusan duk majalisar da ake hirar motoci a garin nan na Kano sai an samu wanda zai rantse cewa Corollarsa ta kai doki 200 tun da aka canza mata salansa. Ni ma na taɓa yin wannan rantsuwar, kuma kuɗina ne suka yi kaffara. Shi ya sa nake so ku ji lissafin da ban yi ba kafin in fara zarya kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa.

Injin da ba shi da turbo da kansa yake shaƙar iska, babu mai tura masa. Iskar da ta shiga silinda ita ke yanke yawan fetur ɗin da zai ƙone, wanda ya ƙone kuma shi ne ƙarfin. In ka ƙara mai ba ka ƙara iska ba, baƙin hayaƙi kawai ka saya. Saboda haka ƙarfin murɗawa da kowace lita ta girman inji ke bayarwa kusan a daskare yake. Da Nm ake auna wannan murɗawar: injin gida yana ba da Nm 90 zuwa 100 a kowace lita, na tsere da aka kashe wa dukiya da ƙyar yake wuce 125. Ƙarfin doki kuwa shi ne wannan murɗawar sau yawan juyin inji a minti, a raba da 7,120. Ƙofa biyu ke nan ta rage maka: ko inji ya ƙara girma, ko ya ƙara saurin juyi.

Ku duba motocin da ke cike da titunanmu. Corolla mai injin 1ZZ-FE lita 1.8 ce, doki wajen 130. Honda Accord da muke kira EOD lita 2.4 ce, doki 160. Camry mai 2AZ-FE ita ma lita 2.4, doki wajen 157. Dukkansu tsakanin doki 65 zuwa 72 suke a kowace lita. Da Honda ta fitar da injin B16A a 1989, lita 1.6 mai doki 160, duniyar motoci ta girgiza saboda an taɓa doki 100 a lita. Bayan shekara goma ta kawo S2000 mai injin F20C, lita 2.0, doki 240 a Amurka, 250 a Japan, yana juyi har 9,000. Abin lura shi ne murɗawar F20C Nm 208 ce kacal, wato 104 a lita, ta Corolla kuma 170, wato 94 a lita. Tazarar ba ta taka kara ta karya ba. Babban fifikon S2000 daga juyi ya zo, domin sai a 8,300 take ba da cikakken ƙarfinta, inda Corolla tuni ta daɗe da sarewa.

To me zai hana a sa injin Corolla ya yi wannan juyin? Nan ne nake so ku ɗauki biro. A ce ka gyara shi ya kai Nm 190, wanda ba ƙaramin aiki ba ne. Kafin ka ga doki 250 sai ya riƙe wannan murɗawar har juyi 9,400. Fistan ɗin 1ZZ yana tafiyar milimita 91.5 a kowane hawa ko sauka, na F20C kuwa 84. A juyi 9,000 fistan ɗin S2000 yana gudun mita 25 a daƙiƙa, kuma nan ne kusan iyakar abin da injin titi ke jurewa. Na Corolla a 9,400 zai doshi mita 29. Nauyin da ke kan sandar fistan da metal kuma ba daidai da juyi yake hawa ba, ninkuwa yake: daga 6,000 zuwa 9,000 ya fi ninki biyu. Bawul zai fara shawagi ya kasa rufewa a kan lokaci, famfon baƙin mai ya gaza, wata rana sanda ta huda bulok ta leƙo waje. Honda da kanta, da ta ƙara wa S2000 ta Amurka girma zuwa lita 2.2 a 2004, sai da ta sauke juyin zuwa wajen 8,000.

Ni ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba lokacin da na taɓa Corollata. Na fara da cire akwatin matatar iska na sa irin mai kan mazurari a fili, dab da inji. Ƙara ta yi daɗi, ba ƙarya, in na taka totur a kan Zariya Road sai in ji kamar an ƙara mini silinda. Abin da ban lura ba shi ne akwatin kamfani daga gaba yake janyo iska mai ɗan sanyi, ni kuwa na mayar da injina yana shaƙar tururin kansa a cikin zafin watan Afrilu. Iska mai zafi ba ta da nauyi, iskar da ba ta da nauyi kuma ba ta ƙona mai da yawa. Da hunturu ya shigo, ƙura ta sami hanya, na'urar auna iska ta yi datti, mota ta fara shaƙewa a silo.

Daga nan na yanke indomi, wato matatar hayaƙin da ke jikin salansa, na sa ƙaton bututu, na kuma sayi wani ɗan akwati da aka ce yana buɗe ƙwaƙwalwar mota ya ƙara doki 30. Ba abin da yake yi illa ya yaudari kwamfuta ta ɗauka iska ta fi sanyi, ta ƙara zuba mai. Babbar ɓarnar ita ce aske tof silinda don matsi ya ƙaru. Ogan garejinmu, dattijo ne da ya fara aiki tun zamanin Fijo 504, ya ce mini, "Yaro, man da za ka ba ta fa?" Na ɗauka tsufa ne. Ashe injuna masu matsi sosai, irin F20C mai 11 zuwa 1, fetur mai babban oktan, wato mai jure matsi, aka ƙera su su sha, mu kuwa iri ɗaya ne a famfon gidan mai, ba a tambayarka wanne kake so. Inji ya fara ƙwanƙwasa a kan gada, na'urar da ke jin ƙwanƙwasa ta riƙa ja da lokacin wuta baya don ta cece shi, ƙarfi ya ragu ƙasa da yadda na sayo motar. Ba a jima ba ringi ya tafi, ta koma shan baƙin mai.

Akwai kuma harajin da Kano ke karɓa ko ba ka taɓa komai ba. Garin yana kusan mita 480 sama da teku, kuma injin da ba turbo yana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 100. Lambar da ke cikin takardar kamfani a iska mai sanyin digiri 20 zuwa 25 aka auna ta, ba a ranar da muke 40 ba. A jikin inji kuma aka auna, kafin giya da taya su ci wajen kashi 15. Ga tokumbo da ta yi shekaru a hannun wasu kafin ta iso Kwatano. Doki 130 na takarda, in 100 ya isa ƙasa ka gode Allah.

Ga abin da za ku iya sa rai da shi. Matatar iska mai kyau, bututun hayaƙi da aka auna, da gyaran kwamfuta na gaske a kan na'urar auna ƙarfi, duka tare, kashi 5 zuwa 10 ne a injin gida. A Corolla doki 13 ke nan ko ƙasa. Doki 100 a lita yana buƙatar kamshaf, sifirin na bawul, gyaran hanyoyin iska a tof, fistan, da mai saita kwamfuta da ya san aikinsa. Doki 150 a lita filin 'yan tsere ne: motocin gasar Birtaniya na shekarun 1990, lita 2.0 da aka ƙayyade wa juyi 8,500, wajen doki 300 suke bayarwa, kuma a kai a kai ake kwance injinsu. Waɗanda kuke gani a YouTube sun haura 400 ba turbo, an faɗaɗa su, methanol suke sha, kuma daƙiƙoƙi kaɗan suke gudu a mayar da su kan tirela. Ba za su yi zaman go-slow ɗin Kantin Kwari ba.

In doki 180 zuwa 200 kake so da gaske, nemi injin da aka haifa da su. Toyota tana da 2ZZ-GE, wanda ta yi da Yamaha, lita 1.8 kamar na Corolla amma mai gajeren fistan-tafiya ta milimita 85, doki 170 zuwa 190 gwargwadon motar. Yana cikin Celica GT-S, Corolla XRS, Matrix XRS da Pontiac Vibe GT. Honda tana da K24A2 na Acura TSX mai doki 200. Sayen motar gaba ɗaya ya fi dasa injin sauƙi, domin dashe yana jan giya, kwamfuta da wayoyi. Ka kuma sani 2ZZ sai ya haura juyi 6,000 yake nuna halinsa, ƙasa da haka Corolla ce kamar ta kowa, kuma da wuya ka samu wannan filin tsakanin Gadar Lado da Ɗangi.

Wanda kuma zai zauna da motar da yake da ita, ya fara da auna matsin silindoji huɗun, ya sa filogi na asali, ya wanke injekta da na'urar auna iska, ya mayar da tamostat in an cire, ya duba lagireto da fanka. Yawancin motocinmu sun yi asarar dawakai a waɗannan wuraren fiye da abin da salansa za ta taɓa ƙara musu. Ragowar kuɗin ya tafi kan taya da birki. In mai kaya ya ce abinsa yana ƙara doki 30, tambaye shi a juyi nawa, a inji ko a taya, kuma da wane fetur aka auna.