Daga Giram Guda Zuwa Tan Guda

Shekara tara na yi a ɗakin gwaje-gwaje ina aiki da abin da ido ba ya gani. Ma'auninmu nanomita ne, wato a raba mita gida biliyan a ɗauki kashi ɗaya. Kaurin silin gashi kan kai nanomita dubu 80. A wannan ƙanƙanta abu yakan sauya hali. Zinariya ma, idan ƙwayoyinta suka yi ƙanana sosai, ja take komawa a cikin ruwa. Har yau abin yana burge ni.

Abin da ya juya akalar aikina shi ne zaman da na yi da wani mai masana'antar fenti. Na kai masa 'yar kwalba ta garin girafin da muka sha wahalar haɗawa, wato kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, ina ta bayanin ƙarfinsa. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Dakta, nawa ne kilo? Kuma wanda za ka kawo watan gobe zai zo daidai da na yau?" Ban da amsa. Giram biyar muke iya yi a mako, shi kuwa da tan yake lissafi.

Ba ni kaɗai na gamu da wannan ba. A 2004 Andre Geim da Konstantin Novoselov suka ɓare girafin da salatef a Jami'ar Manchester da ke Ingila, suka karɓi kyautar Nobel a 2010, amma har yanzu galibi barbaɗa shi ake yi cikin fenti da roba da kankare. Ɗigon kwantum, wato ƙwayar da ba ta wuce 'yan nanomita ba wadda launin haskenta ya dogara da girmanta, ya fi shi daɗewa a hanya: Alexei Ekimov ya gano shi a farkon shekarun 1980, Moungi Bawendi ya samo hanyar haɗa shi da girma iri ɗaya a 1993, sai a 2013 ya shiga talabijin ɗin Sony. A ganina aikin Bawendi ne ya buɗe ƙofar kasuwa, domin mai saye abin da ba ya canzawa yake nema.

Yanzu rabin makona ina masana'antu, ina tambayar injiniyoyi abin da ke lalace musu, rabi kuma ina tare da masu bincike. Duk wanda ya kawo min sabon samfuri, sai ya haɗa shi sau biyar mun auna kafin in kira kowane kamfani. Makon jiya uku cikin biyar ne suka zo daidai, don haka mun koma duba zafin tukunyar da ake haɗa samfurin a cikinta.