Harajin duwan da simintin Malbaza

Lokacin da nake ginin ɗaki a Tawa, mai shago ya nuna mini buhunan siminti iri biyu, na Malbaza da ake yi a nan Nijar, da wanda aka shigo da shi daga waje, ya ce: "Malam, kishin ƙasa daban, aljihu daban." Tun daga ranar nake tunanin yadda harajin duwan, wato harajin da ake biya kan kayan da aka shigo da su daga waje, zai iya tayar da masana'antunmu.

Tsarin harajin bai ɗaya na CEDEAO (ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma), wanda ya fara aiki a 2015, ya raba kaya gida biyar, daga sifiri zuwa kashi 35 cikin ɗari, kuma an tanadi mafi tsadar ne domin kare abin da ake sarrafawa a gida. Nijar ta fice daga ƙungiyar a watan Janairun 2025, amma tambayar ko haraji zai iya tayar da masana'antunmu tana nan daram.

A ganina, haraji yana ba masana'anta damar numfasawa ne kawai, domin injin da ba shi da tsayayyar wutar lantarki ba zai iya gogayya da kowa ba, kamar yadda muka gani a 2023 da Najeriya ta katse mana wuta. Idan kuma aka tsawwala harajin alhali iyakarmu da Najeriya tana da tsawon kusan kilomita 1,500, ƴan fasa-ƙwauri ne za su ci ribar, magini kuwa ya biya.