Ka bar kamfani, kana son sakin albam: abubuwan da za ka warware kafin ka sa rana

A Gusau, abin da ake kira kamfanin waƙa galibi mutum ɗaya ne mai situdiyo, ko wani mai hali da ya ga yaro yana da baiwar gambara ya ce zo in ɗauke ka. Shi ke biyan mai kiɗa, shi ke sayen man janareta, shi ke kai ka Kaduna ko Kano ɗaukar bidiyo. Yarjejeniyar kuma sau da yawa ta baka ce, a gaban abokai biyu. Ranar da aka raba gari, mawaƙin ya koma wani kamfani ko ya tsaya da ƙafarsa, ba abin da ke ransa kamar ya saki albam a ga cewa yana nan daram. A wannan gaggawar ake yin ɓarna. Albam ya fito ranar Juma'a, kafin mako ya zagayo an sauke shi daga Spotify da YouTube saboda tsohon maigida ya kai ƙorafi, kuɗin talla duk sun bi ruwa.

Ba ƙananan mawaƙa kaɗai hakan ke samu ba. Da Brymo ya bar Chocolate City a 2013, kamfanin ya garzaya kotu ya samo umarnin dakatar da shi daga sakin waƙa. A Amurka, Lil Wayne ya maka kamfaninsa Cash Money a kotu a 2015 yana neman dala miliyan 51, albam ɗinsa Tha Carter V kuwa bai fito ba sai Satumban 2018, bayan an yi sulhu. Waɗannan suna da lauyoyi da kuɗin jira. Yaron da ke Tudun Wada ko Sabon Gari ba shi da ko ɗaya, saboda haka shi ya fi kowa buƙatar ya gyara takardunsa tun kafin ya shiga ɗakin ɗaukar murya.

Abu na farko da ya kamata ya zauna a kanka shi ne, kowace waƙa haƙƙi biyu ne a cikinta. Akwai baitoci da karin da aka tsara, wannan na wanda ya rubuta ne da wanda ya yi kiɗan. Akwai kuma sautin da aka ɗauka a situdiyo, wanda 'yan harka ke kira masta. Kana iya zama kai ka rubuta kowane baiti, amma mastan ba taka ba ce. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta ce mallaka wa wani haƙƙi kacokan ba ya tabbata sai a rubuce. Wannan yana taimakon wanda bai taɓa sa hannu a komai ba game da baitocinsa. Sai dai kada ka saki jiki, domin wanda ya biya situdiyo ya kuma shirya ɗaukar yana da hujja mai ƙarfi a kan sautin kansa. Shari'ar irin wannan kuma a Babbar Kotun Tarayya ake yin ta, akwai ta a nan Gusau, amma ba wurin da mai son sakin albam wata mai zuwa zai so ya tsinci kansa ba ne.

Idan akwai kwantiragi a rubuce, ɗauko shi ka kai wa lauya ya karanta maka wurare huɗu. Wa'adi: da shekaru aka ƙidaya shi ko da yawan albam? Da yawa suna ɗauka shekara uku ta cika sun fita, alhali takardar ta ce sai sun miƙa albam biyu, ko kuma ta ba kamfani damar ƙara wa'adi shi kaɗai. Sai waƙoƙin da ka ɗauka lokacin kana ƙarƙashinsu amma ba a saki ba. Yawancin kwantiragi na cewa na kamfani ne, kuma su ne tarkon da ya fi kama mutane, domin mawaƙi kan tafi da waƙoƙi biyar ko shida a filashi yana ganin da su zai gina sabon albam. Na uku, sharaɗin hana sake ɗaukar tsohuwar waƙa, wanda kan kai shekara biyar. Na huɗu, bashi.

Bashin nan yana son a tsaya a kansa, don mutane da yawa ba su gane yadda ake lissafa shi ba. Kuɗin da kamfani ya kashe a kanka, na situdiyo, bidiyo, sutura, mota, da kafin alƙalamin da aka ba ka, daga kasonka ake cire su, ba daga jimillar abin da ya shigo ba. A ƙaddara an kashe naira miliyan 3, kasonka kuma kashi 30 cikin ɗari ne. Sai waƙoƙinka sun kawo miliyan 10 kafin a ce ka biya. Shi ya sa za ka ji mawaƙi yana rantsuwa an cinye shi, maigida shi ma yana rantsuwa yana binsa, kuma kowannensu ya yarda da abin da yake faɗa. Mafita ita ce a zauna a fito da rasidai da bayanin shigar kuɗi, a tsayar da adadi ɗaya. Ko sabon kamfaninka ya biya shi gaba ɗaya, ko a ba tsohon wani ɗan kaso daga sabon albam har ya mayar da kuɗinsa, tare da rubuta iyakar da idan an kai an gama.

Duk wannan sai ya ƙare a takardar sallama. Ko da ba ku taɓa rubuta komai ba a farko, ku rubuta wannan. A sa ranar rabuwa, a jera waƙoƙi ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, waɗanda aka saki da waɗanda ba a saki ba, a gaban kowace a rubuta mai ita. A sa adadin bashi da yadda za a biya, a faɗi cewa sunan waƙarka naka ne, a kuma rubuta cewa kamfani ba zai kai ƙorafi a kan sabon aikinka ba. Ku sa hannu, shaidu biyu su sa. A garinmu an fi jin maganar manya, don haka in tsohon maigida ya ƙi zama, a nemo wanda yake jin nauyinsa ya shiga tsakani. Amma sulhun dattawa ma a mayar da shi rubutu, domin Spotify ba ta san wane ne ya sa baki ba, takarda za ta nema.

Suna ma ana rasa shi. Rikicin Kiss Daniel da kamfanin G-Worldwide ne ya sa ya koma Kizz Daniel a 2018. Yin rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ya ba ka mallakar sunan waƙa, wannan aikin ofishin rajistar alamun kasuwanci ne da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci a Abuja, kuma rukuni na 41 ne ya shafi nishaɗi, na 9 ya shafi sautin da aka ɗauka. Bincika ko tsohon kamfani ya riga ka.

Abin da ya fi suna saurin ɓacewa shi ne shafuka. Da imel ɗin wa aka buɗe tashar YouTube? Layin wa ke karɓar lambar tabbatarwa ta Instagram da TikTok? Wa ke riƙe da Spotify for Artists, wato inda mawaƙi ke sarrafa shafinsa na Spotify, da shafin Audiomack? Idan amsar ita ce manajan da kuka ɓata, to mabiyan da ka tara a hannunsa suke. A karɓi waɗannan a zama ɗaya, a canza imel da lambar waya da kalmar sirri nan take, kafin a yi sanarwar rabuwa.

Idan sallamar ta ba ka tsofaffin waƙoƙinka, akwai yadda ake ɗauke su ba tare da an rasa adadin sauraro ba. Kowace waƙa tana da lambar shaida mai harafi da lamba 12 da ake kira ISRC. Karɓo waɗannan lambobin daga tsohon mai rarrabawa, wato kamfanin da ke ɗora waƙa a Spotify da makamantanta, ka ɗora ainihin sautin da aka ɗora a farko, da suna ɗaya da tsawo ɗaya da lamba ɗaya, a wurin sabon mai rarrabawa, ko DistroKid ne ko TuneCore ko ONErpm. Jira har sabon ya bayyana ka ga adadin ya haɗe, sannan a sauke tsohon. Wanda ya fara saukewa, ko ya bari aka ba waƙar sabuwar lamba, ko ya ce bari in ɗan gyara sautin, zai iya wayar gari ya ga ƙidaya ta koma sifili.

Yanzu ga kiɗa, inda na fi ganin ana sakaci. Idan furodusan gidan tsohon kamfani ne ya buga maka, wataƙila kiɗan ma na kamfani ne, ko da kai da shi kuna ɗasawa. Idan kuma daga YouTube ka sauko da shi don ka ga an rubuta kyauta, yawanci kyautar ta tsaya ga gwaji ne, ba ta kai ga kasuwanci ba. Hayar kiɗa a shafuka irin su BeatStars tana zuwa da iyakar yawan sauraro, kuma galibi ta hana ka sa waƙar a Content ID, tsarin YouTube na gano wanda ya yi amfani da sautinka, tunda mutane da yawa sun hayi kiɗan nan ɗaya. Waƙar da kake son ta ja albam, sayi kiɗanta kacokan ka karɓi takarda. Sannan akwai abin da ya shafe mu musamman mu Zamfarawa: yanko muryar Musa Ɗanƙwairo ko amon kotsonsa a saka a ƙarƙashin baiti. Yana da daɗi ƙwarai, kuma shi ne irin abin da zai bambanta gambararmu da ta Legas. Amma ba kayan tsintuwa ba ne. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, doka kuma tana kare waƙa shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Iyalansa suna nan, a je a gaishe su a nemi izini a rubuce. Wanda ya kira makiɗan kotso ko kalangu suka buga masa sabon kiɗa a situdiyo ya fi samun sauƙi, kuma ya fi samun sauti mai tsabta.

Duk wanda ya sa murya a albam ɗin, tambaye shi ko yana ƙarƙashin wani kamfani. In abokinka ne da ka bari a tsohon gida, sai da izinin gidan. Kuma a ranar da aka gama kowace waƙa a rubuta kason kowa a takarda ɗaya, jimilla ta ba da ɗari cif, kowa ya sa hannu.

Wajen miƙa aiki, WAV ake ɗorawa, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, aƙalla 16-bit da 44.1 kHz, ba MP3 da aka turo ta WhatsApp ba, wanda an riga an matse shi ya rasa armashi. Minti ɗaya na WAV ya kai kusan MB 10, don haka albam mai waƙa 12 zai tasam ma MB 400. Da irin sabis ɗin da ke yankewa, a ɗora da dare ko da asuba, kuma a ajiye kwafi a wuri biyu, haɗe da muryoyi da kayan kiɗa a rarrabe. Hoton bango ya zama 3000 da 3000, babu lambar waya, babu adireshin shafi, sunan da ke jikinsa kuma ya yi daidai da wanda ka cike, in ba haka ba za a dawo maka da shi. A duba layin da ake rubuta sunan kamfani da mai haƙƙi, domin wasu na kwafo tsohon bayani su sake rubuta sunan gidan da suka bari da hannunsu. Spotify tana daidaita ƙarar waƙoƙi a wajen -14 LUFS, wato ma'aunin ƙarar sauti, don haka cika ƙara har sauti ya fashe ba ya ƙara komai. Abin da ya fi muhimmanci a wurinmu shi ne a saurari aikin a lasifikar ƙaramar Itel ko Tecno. Ƙasan kiɗa mai nauyi ɓacewa yake a irin wayoyin nan, in kuma murya ba ta fito sarai a can ba, ba ta fito ba ke nan ga yawancin masu sauraronka a Ƙauran Namoda da Talatar Mafara.

Ka ba mai rarrabawa mako huɗu. Spotify tana son a gabatar mata da waƙa ɗaya daga albam aƙalla kwana 7 kafin fitowa, in kana son masu zaɓen waƙoƙinta su duba. Juma'a ce ranar sakin waƙa a duniya tun 2015. A nan kuma sai ka haɗa da kalandarmu: ba a sakin gambara a cikin azumi, makon Sallah kuwa kowa na da caji a waya da ɗan kuɗin data. Masu tura waƙa a kasuwa su ne rediyonka na gaskiya, kai musu MP3 mai kyau da hoto da suna daidai, amma a ranar fitowa, ba kafin nan ba. Waƙar da ta shiga Xender kwana uku kafin lokaci ta gama zagaya gari. Gidajen rediyo kuma a yi musu kwafin da aka cire kalmomi masu nauyi.

Habaici ga tsohon maigida kusan dole ne ya zo, gambara ce. Waƙa ɗaya ta isa. Albam ɗin da rabinsa ƙorafi ne yana tsufa cikin wata biyu, kuma kiran mutum ɓarawo da sunansa zai iya jawo ƙarar ɓata suna, ya kuma rushe sallamar da aka sha wuya kafin a samu.

Kuɗin sauraro ba sa zuwa da wuri, sukan ɗauki wata biyu zuwa uku. Idan mai rarrabawarka na Amurka ne, za a sa ka cike takardar haraji W-8BEN, kuma ana cire kashi 30 daga abin da ya fito daga masu sauraro na Amurka, tunda babu yarjejeniyar haraji tsakaninta da Nijeriya. Tun 2024, waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12 ba ba ta samun komai a Spotify, kuma sayen sauraron bogi don cike giɓin na iya sa a sauke albam ɗin gaba ɗaya. Yi rajistar waƙoƙinka da MCSN, ƙungiyar da ke karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙin mallaka, saboda kuɗin baiti da kari. A sabon kwantiragin kuma, nemi a rubuta cewa aron mastan ka ba kamfani na wasu shekaru ƙididdigaggu sannan ta dawo hannunka, a ba ka bayanin shigar kuɗi duk wata uku ko shida, a sa iyakar abin da za a kashe da sunanka ba tare da sa hannunka ba, shafuka kuma su zauna a imel ɗinka da layinka.