Godiya ga waɗanda suka sha sanyin Lamingo tare da mu

Assalamu alaikum. Alhamdulillahi, kallon taurarin da muka shirya wa ɗalibanmu daren Asabar a gindin duwatsun Shere ya yiwu, duk da hazon da ya hana mu sakat tun magariba. Har na fara naɗe tabarmi, sai wajen ƙarfe goma sama ta washe.

Godiyata ta farko ga Malaminmu na kimiyya, wanda ya ɗauko madubin hangen nesansa a bayan mota, ya kuma bar yara arba'in suka dinga taɓa shi da hannu duk man ƙosai. Malam, Allah Ya saka da alheri. Shi ya nuna mana tauraron da muka fito dominsa, Epsilon Eridani, can kudu da Kaza da 'ya'yanta. Ko da ido ana ganinsa, ɗan ɗigo mai ruwan goro. Wadan tauraro ne, bai kai Rana girma ba, bai kai ta zafi ba, haskensa kusan kashi ɗaya cikin uku na nata. Sai dai irinsa sun fi ta tsawon rai nesa ba kusa ba, shi ya sa masu neman wata duniyar da za a iya rayuwa a cikinta ke sa musu ido.

Wata yarinya ta leƙa, ta ɗago tana tura baki: "Malam, to ina duniyar da kuka ce?" Gaskiyarta, ni na cika baki a aji cewa tauraron yana da tasa duniyar. Malam ya ce duniyar tana nan, ƙatuwa dangin Jufita, babbar duniyoyin da ke zagaye Ranarmu, tana zagaye tauraron cikin shekara 7 da 'yan watanni, amma madubinmu ba zai kamo ta ba. Su ma masanan da suka sanar da ita a 2000 ba ganinta suka yi ba, ɗan rangajin da take sa tauraron yi suka auna. Da Malam ya ce hasken tauraron ya shekara 10 da rabi a hanya, wani ɗan aji huɗu ya ƙirga da yatsu ya ce ashe ya girme shi.

Iyaye, mun gode da kuka amince mana da 'ya'yanku da dare. 'Yan banga da suka tsaya har muka watse, Allah Ya tsare ku. Baba mai shayi kuwa cewa ya yi ba zai karɓi kuɗin yara ba, ya kuma rantse, dole muka haƙura.

An bar filas shuɗi da hular sanyi guda biyu. Suna wurina, mai su ya yi magana.